Ɗari Uku Sau Nawa?

Mandaue, 6 ga Mayu

Zuwa ga matata Perlita,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya Hong Kong, yaya ƙiriniyar ƴaƴan uwar ɗakinki? Ƙafar ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, mahaifiyata tana gaishe ki. Kuɗin kwanon rufi da kika aiko suna cikin ambulan, ko leƙawa ban yi ba.

Albishirinki! Jarina na kartar foka ya kai peso dubu talatin. Ban manta sharuɗɗan da kika kafa min a filin jirgi ba: kuɗin karta daban, kuɗin gida daban, kuma kada in zauna a teburin da ba ni da zubinsa sau ɗari uku. To teburin manya zubinsa ɗari ne, ɗari sau ɗari uku kuwa ko ɗan firamare ya san dubu talatin ne. Jibi zan yi sallama da ƙaramin teburin su Nang Saling, tsohuwar nan mai busasshen kifi, wadda take gyangyaɗi da karta a hannu ta farka ta cinye mutum. Har sabuwar riga na saya.

Mijinki mai kewarki,
Teodulo

Mandaue, 9 ga Yuni

Perlita tawa,

Ina gaishe ki, ina kuma sunkuyar da kai. Da fatan aiki da sauƙi, kina samun hutunki na Lahadi.

Wasiƙarki ta iso, sai dai ta makara da mako biyu. Gaskiyarki ce. A wasa mai ƙayyadadden zubi irin na teburin manya, zagaye biyun farko ne ake zuba ɗari, biyun ƙarshe ɗari bibbiyu ne, kuma da babban zubin ake lissafi. Ashe dubu sittin nake buƙata, na je da rabi ina baza kafaɗa. Shekara ashirin ina tuƙa motar haya ban taɓa kuskuren canji ba, sai ga mace tana guga a wata ƙasa ta kama ni da biro.

Karta ta juya min baya, jari ya dawo dubu goma sha shida. Abokina Dodong ya same ni ina zufa ya ce, "Haba Dulo, kuɗi na kwance a ambulan suna hamma? Ara kawai, kafin Asabar ka mayar. Wa zai gaya mata, ni?"

Ba zan ɓoye miki ba, Perlita, ranar Talata da hantsi na sa ambulan ɗin a aljihu na tafi har ƙofar gidan karta. Na tsaya ina jin sa a ƙirjina, wata huɗu na gumin bayanki. Kunya ta kama ni. Sai Nang Saling ta hango ni ta ɗaga murya: "Kai mai sabuwar riga! Manyan sun ƙoshi da kai? Zo, ga kujerarka nan, kwandona ke ɗumama maka ita."

Na ce ta riƙe min, ina zuwa. Na tsallaka titi wajen mai kayan gini, na biya kuɗin kwano goma sha takwas da ƙusoshi, na karɓi rasit, ga shi nan na haɗo miki. Sannan na dawo na zauna a ƙaramin teburi, inda jarina ya cika zubi sau ɗari ukun da lissafinki, ba nawa ba. Sun yi min dariya har mai rabon karta ya share hawaye. Tsohuwar ta cinye min ɗari huɗu a ranar, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin asara irin wannan ba.

An buga sabon kwanon, sai jiya da rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mahaifiyata ta jera robobi a ɗaki kamar yadda ta saba, ta zauna tana jira. Ko ɗigo. Ta kalli sama, ta kalle ni, ta fashe da dariya, ni ma na taya ta.

Ki zo a Disamba ki kwanta a ɓangarenki na gado. Yanzu babu abin da ke ɗiga a kansa.

Naki har kullum, ɗan ƙaramin teburi,
Teodulo