Fiton da Na Ɓoye wa Kaka

Hokianga, farkon Satumba

Yaya Ripeka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da aikin asibitin nan da ba ya barinki barci. Mu nan ƙalau, in ban da gwiwar Kaka Huhana.

Sanyi ya fara ja da baya. Teku ta huce, itacen kowhai na bayan gida ya cika da furen rawaya har rassan na lanƙwasa. Kin san Kaka ba ta jera irin dankalinta a yashi sai ta ji kukan pipiwharauroa, tsuntsun da ke dawowa daga ƙetare in shuka ta yi. Bana kunnenta ya yi nauyi, sai ta ɗora mini aikin. Wai, "Ke 'yar littafi, tunda bakinki ba ya aiki, ara mini kunnenki."

To Yaya, kada ki faɗa wa kowa. Kullum da safe wani yana yi mini fito da baki ta wajen kowhai. Yakan jera shi yana hawa sama, sannan ya ja na ƙarshe ƙasa kamar mai ajiyar zuciya. Na tabbata Eruera ne, ɗan masu kiwon kawa, abin ɓawon nan na teku, don ta nan yake bi zuwa kwalekwalensu. Saurayin littafin da kika bar mini ma haka yake yi. Ban taɓa leƙawa ba. Sai in taje gashi in zauna bakin taga.

Kaka takan tambaye ni ko na ji wani abu, in ce mata shiru. Ai tsuntsu take tambaya, ko ba haka ba?

Ki gaida Inna Maata. Taki,
Terehia

Hokianga, farkon Oktoba

Yaya Ripeka,

Ina gaishe ki, da fatan murar da kika ce kina yi ta sake ki. Don Allah ki ƙona waccan wasiƙar.

Ranar Asabar Eruera ya kawo wa Kaka bokitin kawa. Na cusa furen kowhai a gashina, na laɓe a bakin ƙofa. Sai na ji yana ɗaga mata murya don ta ji: "Kaka, lafiya kuwa? Kowa ya jera irinsa, naki yashin fayau! Ga tsuntsun nan a kan kowhai ɗinki tun wancan watan yana tsaga mana kunne!"

Yaya, ni da ba na iya gaishe shi, ban san lokacin da bakina ya ce, "Ashe ba kai ba ne?"

Ya dube ni, ya dubi furen. Ya ce, "Ni? Fito? Terehia, karena ma ba ya waiwayowa in na gwada." Har ya tsuke baki ya nuna mini, iska kawai ta fito. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, amma da ƙasa ta tsage da na shige.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Mun buɗe rumbun iri da yamma. Jan dankalin nan da Kaka ta gada wajen mahaifiyarta, wanda babu mai irinsa a duk gaɓar nan, ya gaji da jira. Wasu sun yi laushi, wasu ɓera ya riga mu. Tana ɗauka ɗaya-ɗaya, ta shinshina, ta jefar. Abin da ya rage bai cika gindin kwando ba. Ko kallon banza ba ta yi mini ba. Da maƙwabciyarmu Inna Keita ta tambaye ta dalilin jinkirin, cewa ta yi, "Kunnena ne ya tsufa."

Ke kaɗai zan faɗa wa: tun a sati na biyu zuciyata ta raya mini cewa tsuntsu ne. Ba na so ya zama tsuntsu, shi ya sa ban leƙa ba.

Mun jera ragowar a yashi, ni nake ba su ruwa. In ba su tsiro ba, irin ya ƙare ke nan, kuma a hannuna. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Terehia

Hokianga, ƙarshen Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Sun tsiro! Ba duka ba, amma Kaka ta ce sun isa a raya irin.

Muna durƙushe a kansu sai ga fiton daga kowhai. Wannan karon na leƙa: ɗan tsuntsu ne kore mai ratsi a ƙirji, bai kai tafin hannuna ba. Na kai bakina kunnenta na ƙwala, "Kaka, ga shi can yana kuka!"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Wanne daga ciki? Mai fiffiken ko mai bokitin?"

Yanzu in Eruera zai wuce, a rumbu nake ɓuya. Kada ki aiko mini da wani littafin tukuna.

Taki har kullum,
Terehia