Ƙwayar Riƙe Alwala

Asibiti, Litinin

Yaya Farouk,

Assalamu alaikum, ya aiki? Tunda a kamfaninku na Idu ana karɓe waya a get, na ba matarka takardar nan.

Kwana shida ke nan Baba bai ce uffan ba. Idonsa biyu, amma in ka ɗaga hannunsa, a nan zai bar shi. Mutumin da ya shekara takwas yana shan maganin ƙwaƙwalwarsa lafiya lau! Sau uku Dokta Miriam tana tambaya ta ko yana shan wani magani daban, ina cewa a'a. Ɗazu da safe da ta ce ta karanta wani bincike da ke zargin maganin mafitsara da sandarar da masu irin ciwonsa, sai ka sunkuyar da kai, wai za ka makara aiki. Na san ka, Yaya. Me kake ɓoyewa?

Ƙanwarka,
Nabilah

Idu, Talata

Nabilah,

Wa'alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah ya ba da lada.

Baba ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. Wata biyu da suka wuce ya daina zuwa masallacinmu na Durumi, saboda fitsari na zubo masa, alwala ba ta zama. Ya yi kuka a gabana. Na sayo masa ƙwaya a kemis, ya koma sahun gaba. Har yanzu ni nake daka ta in zuba a kunun da nake kawowa, don kada ya jiƙa gado a gaban 'yarsa. Ki rufa masa asiri.

Yayanki,
Farouk

Asibiti, Laraba

Yaya,

Sallama. Wane asiri? Wa kake tsammani yake wanke zanin gadonsa? Raina ya ɓaci, amma na san don ƙauna ka yi. Kunun jiya na zubar. Gobe ƙarfe takwas ka zo da kwalin ƙwayar, ka miƙa wa likita da hannunka. Kai ka yi rantsuwa, sai ka yi kaffara. In ba ka zo ba, wallahi har get ɗinku zan zo in karɓa.

A gaida gida.
Nabilah

Asibiti, Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da ka zo. Likita ta ce ba za ta rantse ƙwayar ce kaɗai ba, amma tun da aka daina ta aka fara allura, jikinsa yake saki.

Yau da hantsi ya nemi buta. Da na kawo, ya ƙi kallona, ya ce, "Farouk ya faɗa ko?" Na ce e. Ya ce in gaya maka bai yafe ba tukuna.

Ka zo ka sha faɗa, Yaya. Da bakinsa zai yi maka.

Ƙanwarka,
Nabilah