Ɗigon Jinin da Ya Fito Kore

Silver Spring,
9 ga Oktoba.

Yaya Furera,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da ɗana Nazir. Ya ƙafar Inna?

Yaya, hankalina a tashe yake. An ba mu aiki a aji, kowa ya tsara fastar kiran mutane su ba da gudummawar jini. Na zana ƙaton ɗigon jini a tsakiya, na jera haruffa a ƙasa, ni a ganina na gama da kowa. Aka manna ta a bango. Malama Olive, mai koya mana launi da tsarin haruffa, ta tambaye ni a hankali ko da wata manufa na yi jinin kore. Wallahi ni ja nake gani.

Bayan an tashi ta ce in je a duba min ido. Kin san yadda na Baba ya fara, kaɗan-kaɗan, har ya koma sai an ja shi. Na bar karatun injiniya saboda zane, kowa ya yi faɗa ke kaɗai kika tsaya min. In idon ya tafi, me ya rage? Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Zulkifilu.

Silver Spring,
2 ga Nuwamba.

Yaya Furera,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Alhamdu lillahi, ba ciwon Baba ba ne!

Likita ta ce idona garau yake. Ja da kore ne ba na rarrabewa sosai, da haka aka haife ni, kuma ba ya ƙaruwa. Da na fito sai na zauna a bencin jiran bas ina ta dariya ni kaɗai.

Duk da haka na je wa Malama Olive da niyyar ajiye kwas ɗin. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce launukan kwamfuta kowanne da lambarsa, in koye su, in kuma riƙa tambayar abokan aji ba kunya. Ta ce cikin masu wucewa ta gaban fasta akwai irina da yawa, in tawa ta karantu a idona, su ma za ta karantu a nasu.

Na sake fastar da baƙi da ruwan ɗorawa, ba hoto, haruffa zalla, Hausa da Turanci. Samfurin haruffan da na zaɓa ba shi da ƙ da ɗ, sai na zana musu lanƙwasar da hannuna. Alhaji Muntaka, mai kantin kayan abincinmu a unguwar Wheaton nan kusa da mu, ya manna ta a ƙofa, ya ce tun daga tsallaken titi yake karanta ta ba tabarau.

Abu ɗaya kuma. Likita ta ce ta wajen uwa ake gadonsa, maza ya fi kamawa. Ki kai Nazir a duba shi. In wata rana ya shafa wa ganye ja, ki gaya wa malaminsa ba iskanci ba ne, kada a dake shi. Ki turo min zanen, ni zan ga kyansa.

A gaida Inna da kyau.

Ƙaninki,
Zulkifilu.