Ni Na Ce A Rubuta Sunan Yayanta

Assalamu alaikum Admin, da masu karatu, na kirki da waɗanda zagi kawai ke kawo su shafin nan. A ɓoye sunana. Na san halinku, tun mutum bai kai rabin zance ba kun yanke masa hukunci kun kai shi wuta. To ku bari in kai aya, in ya so ku zage ni da hujja. Ban gama firamare ba, don haka kar wani ya zo yana gyara min rubutu, ba shi ya kawo ni ba.

A Kuala Lumpur nake, babban birnin Malesiya, unguwar Setapak, tun gashina yana baƙi. Saro wayoyi ya kawo ni, kasuwa ta karye, na koma tuƙa tuwo a wani ɗan shago a ƙasan bene, ɗalibanmu 'yan Najeriya su ci a nan ko su yi tapau, wato a ƙulle musu, su tafi da shi ɗaki. Matata ba Bahaushiya ba ce. 'Yar wata ƙaramar ƙasa ce ta tsibirai a tsakiyar teku, ba zan faɗi sunan ƙasar ba don 'yan can ba su da yawa a garin nan, ana ji an gane. Musulma ce, karatu ya kawo ta bai yiwu ba, muka haɗu aka ɗaura. 'Yarmu ɗaya tal, bari in kira ta Ummi.

A tsibirinsu gida na mace ne. Uwa ta bar wa 'yarta, ita ma ta bar wa tata. Miji ake kaiwa gidan mata kamar amarya. Da na fara ji dariya na yi. Amma duk ranar da muka yi cacar baki sai ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, a garinmu miji da jakarsa yake shiga, da jakarsa yake fita." A gaban yarinya fa. Ni da nake biyan haya, nake tsaye gaban wuta tun asuba har ƙafafuna su kumbura, ni ne mai jaka? Wane namiji ne a cikinku zai ji wannan shekara da shekaru ya ce bai taɓa shi ba? Na haɗiye maganar, amma ban manta ba.

To teku ya fara cin garinsu. Ya cinye maƙabarta, ya cinye gidajen bakin ruwa. Gidan uwarta, Allah ya jiƙanta, a kan tudu yake, sai ga shi filin da da ba wanda ya kula da shi kowa ya sa masa ido. Gwamnatinsu ba ta da kuɗin gina katangar tare ruwa, sai ta ce za ta jawo masu otal su zuba jari. Kafin nan aka fito da doka: kowane fili a yi masa rajista da sunan mutum ɗaya, wanda wa'adi ya cika ba a yi ba ya koma na gwamnati. Da ma ƙasar dokokinta kala uku ne, ta gargajiya, ta alƙali, da wadda Turawan mulki suka bari, kowa ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi, sai aka jibga musu ta huɗu. Duk masu manyan digirin da suka rubuta ta ba wanda ya tambaya, gidan da yake na jerin mata, har da waɗanda ba a haifa ba, ta yaya za a cusa shi cikin suna ɗaya?

Ana cikin haka aka yi wa matata tiyata a wani asibiti a Cheras, aka cire mata ƙari. Wayarta na hannuna, ita tana kwance allurar barci ba ta sake ta ba. Sai ga kiran bidiyo daga yayanta. Na ɗaga, na gan shi zaune a barandar masallaci da dattawan kwamitin fili. Ya ce wa'adi ya zo, mai gidan, wato matata, ba ta ƙasar, dole ta faɗi sunan da za a sa. Wani tsoho a cikinsu, limaminsu, har cewa ya yi a bari ta farka, gidan mace ba a magana a kansa sai da muryarta. Wannan maganar ce ta tunzura ni. Na ce ni ne mijinta, mun riga mun yi magana, ta ce a rubuta sunan yayanta, shi ne namiji. Ƙarya nake yi, ba mu taɓa yin maganar ba. Suka kashe, na goge kiran, na mayar da wayar aljihu.

Na daɗe ina gaya wa kaina rashin sani ne. A garinmu ai haka ake yi, mace na kwance ko tana tsaye, in zancen fili ya taso namiji ke buɗe baki, wa ko kawu ya riƙe wa mata amana. Na ɗauka zai riƙe mata ne. Amma tunda na zo nan bari in faɗi sauran. Daɗi na ji. A raina na ce yau ga namiji ya yi magana a kan gidan matan nan, mu ga wa zai fita da jaka. Matata na kwance da ɗinki a ciki, ni ina zaune a kujerar roba ina cin nasara a kanta. To ku zaga, na ba ku dama.

Macucin bai riƙe komai ba. Takarda na fitowa da sunansa ya ba wani kamfanin otal hayar filin, irin hayar da har jikoki su tsufa ba ta ƙare ba. Suka zagaye da kwano, suka sare bishiyoyin kwakwar da uwarta ta shuka. Wata 'yar ƙanwar uwarta ce ta turo mata hoto. Ta bi diddigi, aka ce mata an kira Malesiya kuma an amince. Ita ta san ba ta amince ba, sai ta yanke cewa yayanta ne ya shirya ƙarya. Ta tsine masa, ta yanke zumunci. Limamin nan ya rasu, sauran dattawan kuwa 'ya'yansu sun samu gadi a kamfanin, bakinsu ya mutu. Shi ma yayan bai taɓa ambaton sunana ba, don ya san ranar da aka ji ba ita ta yi magana ba takardarsa ta zama ta ƙunshe ƙosai. Kun ga ni da ɓarawo igiya ɗaya ta ɗaure mu. Duk Sallah sai ya turo min gaisuwa, wai ɗan'uwansa. Allah ya isa.

In don ni ne da sai in ja bakina har kabari. Ummi ce. A nan aka haife ta, amma ƙasar nan ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don an yanke masa cibiya a cikinta. Zamanta a rataye yake da takardunmu, kuma ta kusa shekarun da za a ce ta nemi nata ko ta fita. Ta fita ina? Najeriya ba ta taɓa takawa ba, gidan ubana an raba an sayar tuntuni, in na yi mata Hausa da Turanci take amsa min, ta ƙara da "lah" ɗin nan ta 'yan Malesiya. Fasfon ƙasar uwarta take riƙe da shi. A duk faɗin duniyar nan wancan tudun ne kaɗai wurin da za ta tsaya ba wanda ya tambaye ta biza. Ta zauna ta koyi yarensu, tana cewa ɗakin kakarta shuɗi za ta yi masa fenti. Ɗakin da ni ubanta na kyautar.

Akwai wani ɗan Zariya da ke digirin ƙarshe a fannin shari'a, kullum a shagona yake cin rana, surutu kamar rediyo. Na ba shi labarin a matsayin na wani abokina. Ya ce in miji ya yi magana ba da izinin matar ba, wakilcin banza ne, kotu na iya rushe rajistar, amma sai mijin ya faɗa da bakinsa. In kuwa ya rantse ba a kira ba, ɗaya ɓangaren suka kawo shaidu cewa an kira, to matar ce za ta tashi a maƙaryaciya, gida ya tafi har abada. Ya suɗe hannu, ya kalle ni ya ce, "Baba, ka gaishe min da abokin naka, ka ce masa kwanan nan gishirinsa na yawa a miya." Da ba don mutane ba da na kwaɗa masa muciya.

Matata ta kai ƙara. Alƙalin fili ɗaya ne ke zagaya tsibiran a jirgin ruwa, in ya zo ya tafi sai wani jiƙon, kafin ya dawo an kafa ginin otal. An yarda mu ba da shaida ta bidiyo, ranar ta matso. Shekaranjiya ina yanka albasa ta shigo shago da Alƙur'ani a naɗe cikin sabon mayafi. Ta ce ni na riƙe wayarta a asibiti, ni kaɗai ne shaidarta, zan dafa in ce ba wanda ya kira. Na ce to. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta ce, "Baban Ummi, maganar jakar nan da nake maka, ka yafe min. In Allah ya dawo mana da gidan, kai ba baƙo ba ne a cikinsa." Na ce albasa ce ke sa ni hawaye, ta tafi ta ba ni wuri.

Kar wanda ya ce min in yi istigfari, na fi ku yin sa. Kar wata ta zo min da maza duk halinsu ɗaya, ba mijinki ne ya rubuto ba. Masu cewa in bar wa Allah kuma, Allah ba shi ya ɗaga wayar ba. Abu biyu ne a gabana. In dafa Littafi in yi ƙarya, in zauna da mata da mutuncina, 'yata ta rasa inda za ta sa ƙafa. Ko in buɗe baki a gaban alƙali, a gaban matata, Ummi ta samu ɗakin kakarta ta yi masa shuɗin fentinta, ni kuma in shiga in haɗa jakata.

Ku da bakinku bai taɓa gajiya ba, yau ga ranarku. Me zan yi?