Kyanwar Farisa a Ɗakin Inna

Talata Mafara, Janairu 1979

Yaya Jatau,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya yara, yaya jikin Inna? Na ji tun da ruwan dam ya tashe ku daga tsohon gari ba ta son abinci, ba ta son magana.

Matar Baturen da nake yi wa raino ta koma Italiya, ta bar mini kyanwarta. Direba Barau zai kawo ta, ko Inna ta samu abokiyar zama. 'Yar Farisa ce, fara sol, gashi har ƙasa, fuska a baje kamar an danna ta da tafin hannu. Ba ta da hayaniya, cinyar mutum kawai take so. Kullum sai an taje ta, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe. A riƙa share mata ido da tsumma mai ɗumi, a ajiye ta a inuwa. Kuma tun yanzu in gaya maka, ba ta kama ɓera.

A gaida kowa da kowa.
Ƙanwarka, Lantana

Maradun, Fabrairu 1979

Lantana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, muna lafiya, sai godiyar Allah.

Mussarki ta iso. Ɓera ya bi ta gabanta, ta bi shi da kallo kamar surukinta. Na ce wagga kam baƙuwa ce, a ba ta tabarma.

Amma Inna ta tashi. Da hantsi takan ɗora ta bisa ƙafa tana taje ta, tana ba ta labarin gonarmu ta fadama da ruwa ya ci. Jiya har tuwo ta nema. Allah shi yi miki albarka.

Yayanki, Jatau

Maradun, Afrilu 1979

Lantana,

Ina gaishe ki. Ban so rubuta wagga takarda ba.

Kin san inda anka zaunar da mu babu itace ko ɗaya, rufin kwano ne. Da bazara ta kama, mussa ta kwanta gindin randa tana haki. Tausayi ya kama ni. Ran kasuwa, Inna na barci, na kira Dikko wanzami ya aske ta tas, kamar jaririn suna.

Inna ta farka, ta dube ta, ta ce, "Wagga ba tawa ba ce." Ta tura matajin ƙarƙashin tabarma. Mussar na zuwa tana goga mata kai, ita kuma ta juya wajen bango. Abinci ya koma yadda kika sani. Wallahi alheri na nufa, kuma ina cikin nadama.

Jatau

Talata Mafara, Afrilu 1979

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi kuka, amma ban ga laifinka kai kaɗai ba. Da na ce maka jiƙaƙƙen buhu za a shimfiɗa mata in zafi ya yi, da ba a kai ga aska ba. Kada ta shiga rana yanzu, fatarta za ta ƙone. Gashin zai tofo kafin kaka, a gaya wa Inna.

Sabuwar uwar ɗakina ta ce sai bayan Sallah za ta sake ni. Zan zo in Allah ya so.

Lantana

Maradun, Mayu 1979

Lantana,

Gaisuwa. Na gaya wa Inna zancen kaka. Ta daina tambayar mussa. Ke take tambaya.

Kada ki jira Sallah.

Jatau