Tsinken Kurkunu da Hanyar Maraɗi

Talata, 10 ga Satumba 1963

An yi ruwa da asuba, mai yawa. Da hantsi ƙawata Lalla ta leƙo ta kan darni tana kirana, wai tabkin bayan gari ya cika har gindin gawo, ƴan matan unguwa duk sun tafi iyo. Na ce mata ina da surfe. Ba surfe ba ne. Idon sawuna na hagu ke zafi tun shekaranjiya, wani bororo ya taso kamar na ƙuna. Ban nuna wa kowa ba.

Da la'asar Mushe Samba, malaminmu na lakwal, makarantar boko, ya zo wurin Baba. Ina daga ɗaki ina ji. Wai sunana ya fito cikin waɗanda suka ci jarrabawa, za ni kolej a Maraɗi farkon Oktoba, can zan riƙa kwana. Baba ya ce alhamdu lillahi. Ni da ko a aji in an kira ni gaban allo sai muryata ta maƙale. Ban san kowa can ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na bi Lalla tabki, don zafin ya hana ni zama. Ba iyo na yi ba, bakin ruwa na zauna na tsoma ƙafar. Wayyo, daɗi. Su suna can tsakiya suna tsinkar bado suna watsa wa juna ruwa, samari kuma na kokawa kan yashi. Da na ɗago ƙafar sai na ga bororon ya fashe, wani farin abu kamar zare ya leƙo.

Lalla ta gani. "Furera, kurkunu ne! Wallahi kurkunu." Da ƙarfi ta faɗa, kowa ya juyo. Na so ƙasa ta tsage.

Gwaggo Ramatu, yayar Baba, ta duba ta ce shi ne. Ruwan da na sha bara ne, in ji ta, yanzu ya nuna.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: da ta faɗi haka sai na ji sanyi a raina. Mai kurkunu ba ta tafiya ko'ina.

Asabar, 14 ga Satumba

Zazzaɓi. Ba ruwa yau, hadarin ya taso ya watse.

Litinin, 16 ga Satumba

Gwaggo ta kama kansa. Ga yadda take yi: ta zuba ruwan randa mai sanyi a kan wurin, ta jira ya saki jiki, sannan ta naɗe abin da ya fito a jikin tsinken kara. Tana murzawa a hankali, da ta ji ya yi tauri sai ta tsaya, ta ɗaure tsinken a ƙafata da tsumma. Kullum ɗan kaɗan, ko gaɓar yatsa ba ya kai wata rana. Ta ce in ya tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura ta yi ruwa, sai in kwanta har rani, wasu ma ba su sake miƙe ƙafar. "Kada hannunki ya taɓa tsinken nan, kin ji ko?" Na ce to.

Mushe Samba ya dawo. Ya ce wadda ba ta iso ba a satin farko na buɗewa, sai a ba wata gurbinta, ba a jira. Mota ɗaya ce, kamiyon Ɗangoggo mai ɗaukar kayan kasuwa, shi ma yana nan a kafe sai hanya ta bushe, don kwarin da ke gaban Sabon Maci ya cika da laka. Baba ya ce shi dai ba zai ɗora ɗiyarsa kan mota da tsutsa a ƙafa ba, wa zai kula da ita can? In ya fita, ta tafi. In bai fita ba, haka Allah ya so.

Mushe ya ce, "To ke mi kika ce, Furera?" Na dubi tabarma.

Alhamis, 19 ga Satumba

Lalla ta zo da bado a gefen zane, kanta jiƙe. Ta ce ruwa ya fara ja baya, saiwar gawo ta fito, gobe jibi sai laka da kwaɗi. Ta zauna tana kallon tsinkena.

"Ke kam kin samu abin da kike so. Kin kwanta ana kawo maki fura."

Na ce ai ba ni na kira shi ba.

"Da ni ce sunana ya fito, da ja da gindi zan je Maraɗin." Ta yi dariya, amma ba irin dariyarta ba. Tare muka yi jarrabawar, benci ɗaya. Ta ce in tabki ya ƙafe ita shi ke nan, sai turmi da rijiya har wata damina. Ta tambaye ni ko gaskiya ne akwai fitilar da ba ta shan kananzir a kolej ɗin. Na ce ina zan sani.

Bayan ta tafi na kasa cin badon.

Lahadi, 22 ga Satumba

Zafi kamar ana gashi, iska ta tsaya cak. Baba ya fara yankan hatsi, zangarniya na zube a gona ba a ɗaure ba. Kowa na gidan nan addu'arsa ɗaya, kada a ƙara ruwa sai an kai rumbu.

Gwaggo ta ce tsutsar ba ta kai rabi ba.

Ina zaune gindin bishiya sai na kama kaina ina ta kallon gabas. Ina neman hadari. In an yi ruwa hanya ba za ta bushe ba, kamiyo ba zai tashi ba. To in ba na son tafiya, ai gara ya tashi gobe ya bar ni, magana ta ƙare. Me ya sa nake son ya jira? Ban sani ba. Na bar tunanin.

Laraba, 25 ga Satumba

An yi shi. Jiya bayan azahar gari ya yi baƙi, iska ta kwashe mana faifai da tabarmi, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara sun fita tsirara suna tsalle a ƙofar gida. Baba ya shigo jiƙe sharkaf daga gona, ya zauna a zaure bai ko tuɓe rigar ba.

Yau duk gidan an tafi juya zangarniya a shanya, kada ta tsiro. Gwaggo ta ce ta ƙasa ta fara baƙi.

Na roƙi ruwan nan. Ba da baki ba, amma a sallar azahar ta jiya, ina cikin sujada, na roƙa. Na san ba ni ke saukar da ruwa ba. Amma da Baba ya dawo yana tambayata ya ƙafa, ban iya duban fuskarsa ba.

Allah ka yafe mani. Ba zan sake ba.

Juma'a, 27 ga Satumba

Raɓa da safe, rana tsantsa da yini. Lalla ta ce gawo ya fara toho, shanun makiyayan Azagor kuma sun fara gangarowa daga arewa, ana ta tsaron gonaki. Ruwa ya tafi ke nan. Ɗangoggo na wanke motarsa. Asabar ta sama zai tashi, in ji shi.

Litinin, 30 ga Satumba



Kowa na gona. Na kwance tsumman don in duba kawai. Sai na ɗebo ruwan randa na zuba, na murza kamar yadda Gwaggo ke yi. Ya biyo. Na ƙara. Ya yi tauri, na san nan ake tsayawa, ban tsaya ba. Wani zafi ya harba har cinya, zaren ya yi siriri kamar zai rabu. Na saki na ɗaure.

Yanzu wurin ya yi ja, yana bugawa. In ya tsinke a ciki fa? Ba Maraɗi, ba tabki, ba ko rijiya. Na tuna da matar nan mai sayar da daddawa da ke jan ƙafa.

Talata, 1 ga Oktoba

Gwaggo na kwance tsumman ta tsaya. Ɗaurin ba nata ba ne, ita gefe take ƙullawa.

"Wa ya taɓa?"

Na kau da kai.

"Ke nake tambaya, ɗiyar nan. Aljani ne ya shigo ya murza maki?"

Na fashe da kuka. Ta matsa gefen wurin da yatsa, ta zuba ruwa, muka zuba ido. Can sai ya ɗan motsa. Bai tsinke ba. Ta sauke numfashi, sannan ta dungure mani kai har sau biyu. Ta ce yau da gobe ba za a taɓa shi ba, na ba shi tsoro, sai ya huce. Wato na ƙara wa kaina kwana.

Tana shafa man shanu sai ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ni dai tun da nake, ban ga wadda ba ta son tafiya ta taɓa tsinke ba."

Na ce ƙaiƙayi yake mani. Ta ce uhum.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Kumburin ya saɓe. Da safe Gwaggo ta zuba ruwan, sai ta miƙo mani tsinken. Na zaci gwada ni take. Ta ɗora yatsunta kan nawa. "Ji nan. Kin ji ya saki? Murza. To yanzu fa?" Na ce ya yi tauri. "Sai mi?" Na ce sai a tsaya. "Ashe kin sani."

Saura da yawa. Ba zai fita kafin jibi ba, ko kusa.

Da la'asar na ji su a zaure ita da Baba. Ba duka nake ji ba. "…ta iya, na gani da idona…" Baba na cewa mota, girgiza, baƙin wuri. Ita kuma, "Akwai lokotoro mai duba marasa lafiya a Maraɗi ko babu?" Sai aka kira ni.

Baba na gyaran igiyar dami, hatsin da ya yi baƙi na tare a gefe. Ya ce, "Gwaggonki ta ce ke za ki riƙa yi da kanki. Ni ba zan tura ki ba, ba kuma zan hana ki ba. Amma daga bakinki nake son ji."

Na ce zan iya.

"Ban ji ba."

Na ɗaga kai. Na ce, "Zan iya, Baba."

Ya ce to a nemo mata tsumma masu tsabta, da yawa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Sabon Maci. An tsaya ana zuba wa mota ruwa, ina rubutu kan buhun wake. Ɗangoggo ya sa ni kusa da wata tsohuwa, ya ce wa yaran mota wanda ya taka ƙafar ƴar lakwal zai sauka ya bi mu a ƙasa.

Mun bi ta gefen tabki da muka fito. Ya koma kamar faifai, yara na kamun kwaɗi cikin laka. Lalla ta biyo motar da gudu ta jefo mani bado biyu, ta ce na ƙarshe ne, tana ihu wai in duba mata maganar fitilar. Mutane na kallo. Na ɗaga hannu dai.

Har yanzu tsoro nake ji. Ban san inda zan kwana ba, ban san abin da ƴan Maraɗi za su ce ba in sun ga tsinke a ƙafata. Ban ce ina son zuwa ba. Cewa na yi zan iya.

Ɗazu na roƙi tsohuwar ruwan gorarta, na juya baya na kwance tsumman. Ya biyo kaɗan, ya yi tauri, na tsaya.

Akwai wani ɗan gajimare can gabas. Kwarin na gabanmu, ba mu ƙetare ba tukuna. Tun ɗazu nake satar kallonsa ina cewa a raina, wuce, don Allah wuce.