Bajen da Ya Ɓare

Laraba, 12 ga Maris, 1997. Gumel.

Yau hedimasta ya dawo mini da rigunan 'yan ƙwallon makaranta. Wanki ɗaya aka yi musu, bajen makarantar da na buga da fenti ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce Maman Ladi zai ba sauran aikin. Matar da ta zo daga Jos bara, wadda a gidana ta fara ganin yadda ake jan fenti a kan riga!

Amma Hadiza ce ta fi ci mini rai. Ina ninke rigunan ta ce, "Umma, ai Maman Ladi sai ta wanke sabuwar riga sitacin ya fita kafin ta buga. In fentin ya bushe, ta shimfiɗa takarda ta danna dutsen guga, tana ƙirgawa har sittin."

Na ce, "Yaushe kika zama 'yar gidanta? Yarinya mai tarbiyya ba ta yi wa uwarta karatu."

Ta sunkuyar da kai ta fita. Ni na haife ta, amma ban taɓa ganin ta zuba wa hannuna ido yadda take yi wa na matar nan ba.

Da la'asar na kulle ɗaki, na gwada yadda ta faɗa a tsohuwar singiletin Malam. Na dirje ta da sabulu har sau uku. Bajen ko gezau.

Gobe zan sa Hadiza ta hura mini gawayin guga. In ta tambaya, kayan babanta zan goge. Allah Ka yafe mini, ni da kullum nake yi mata faɗa a kan ƙarya.